Wasiƙar imel ta ƙi fita: ina take maƙalewa tsakanin Tawa da mai karɓa?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da alhazanmu masu safarar kaya, yau za mu taɓo wata matsala da ba a cika jin ta a bakin mutane ba, sai ranar da ta jawo wa wani hasara. Ita ce matsalar wasiƙar imel da ake cewa an aika, amma shiru kake ji, ba ta isa hannun wanda aka aika wa ba. Mutum ya biya yaron da ya buga masa takarda, ya ga an latsa, ya koma rumfarsa hankali kwance, bayan kwana huɗu sai a kira shi daga Yamai ko daga Lome a ce har yanzu ana jiran takardunsa. Daga nan sai gardama, wannan yana rantsuwa ya aika, wancan yana rantsuwa bai gani ba, alhali kuwa sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗi.

Mu mutanen Adar ba baƙi ba ne a sha'anin aike. Ƙasarmu ƙasar ƴan ci-rani ce, da wuya ka sami gida a Keita, Buza, Illela ko cikin garin Tawa wanda ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, Akara, Kano, Kamaru ko Libiya. A da, mai son aika saƙo sai ya sami ɗan lakkol ya rubuta masa, ko ya ɗauki muryarsa a kaset, ya kai tasha ya danƙa wa direba ko wani matafiyi da ya yarda da shi. Idan saƙo ya ɓata, an san wanda za a riƙe. Daga baya aka shiga zamanin telesantar da siba a shekarun 2000, lokacin da kusan kowane ɗan boko ya buɗe akwati a Yahoo. Yanzu kuma WhatsApp ya cinye kusan komai, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana aika murya Abijan ta ji amsa kafin ta sauke tukunya. Shi ya sa wasu ke ganin imel ya zama tsohon yayi.

To amma fa duk inda magana ta kai ga takarda mai sa hannu da hatimi, imel ake nema. Faktir ɗin kayan da aka sayo daga Dubai ko Sin ta nan yake bi. Haka takardun da tiranzite, wato mai fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, yake jira, musamman tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya masu yawa suka koma bi ta Lome. Haka dosiyen da ƙungiyar mata masu kuli-kuli ko masu busar da albasa ke aika wa wani poroje, da takardar neman kwangila, da ta banki, da ta neman wa yara gurbin karatu. Akasarin waɗannan suna da ranar rufewa, kuma wanda dosiyensa ya iso bayan an rufe, ba wanda zai tsaya ya saurari labarin rezo daga bakinsa.

Abin da ya ƙara kawo wannan matsala kusa da mu shi ne yawaitar ƴan akwatunan intanet a gidaje, shaguna da ƙananan ofisoshi. Wani nasa mai ɗaukar pis ne na ɗaya daga kamfanonin salula, wani na waya ne da aka jawo, wani kuma na Starlink ne, wanda ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025. Wannan akwati shi ne zauren gidan, domin duk abin da zai fita daga kwamfuta, ko wayoyi, ko injin ɗaukar hoton takardu, ko kyamarar gadi, ta cikinsa zai bi. Wasu samari masu hazaƙa kan ƙara da wata tsohuwar kwamfuta su ajiye ta a lungu tana aiki dare da rana, ita ke riƙe lissafin shago, ita ke fitar da faktir, ita kuma ake ɗora wa aikin aika wasiƙu. Irin wannan kwamfuta ita masana ke kira uwar garke. Ƙorafin da aka fi ji a kanta iri ɗaya ne: wasiƙu na shigowa lafiya lau, WhatsApp na tafiya, yara na kallon bidiyo, amma wasiƙar da aka rubuta ta ƙi fita.

Dalili kuwa shi ne hanyar shigowa daban, ta fita daban. Wasiƙar da aka aiko maka ba gidanka take zuwa ba, tana zaune ne a babban gidan waya na Google ko na Yahoo, kai ne ke leƙawa ka ɗauko. Wadda za ka aika kuwa sai ta bi wata ƙa'ida mai suna SMTP, wadda aka rubuta tun 1982 a Amurka, lokacin da masu bin hanyar ba su da yawa, malaman jami'a ne da ma'aikatan bincike, ba a tambayar kowa takardar shaida. Da ɓata-gari suka gano cewa ana iya aika wasiƙa miliyan ba tare da sayen tambur ko ɗaya ba, sai wasiƙun talla da na damfara suka cika duniya, manyan kamfanoni kuma suka shiga kafa shingaye. Yau wasiƙar da ta tashi daga Tawa tana wuce shinge bayan shinge, kamar kamyon albasar Galmi a hanyar Akara, kuma a kowane shinge ana iya tsayar da ita. Bambancin kawai shi ne mai tsaron shingen imel ba ya karɓar na goro, amma yakan rubuta dalilin da ya sa ya tsayar. Abin da ya rage mana shi ne mu nemo wannan rubutu mu karanta, maimakon mu ɗora wa rezo laifin komai.

A fara sanin inda wasiƙar take

Abin dubawa na farko ba ya buƙatar gwani. A waya ko kwamfutar da aka saita da Faransanci akwai ɗakuna biyu masu kama da juna, ɗaya an rubuta masa Boîte d'envoi, ɗaya kuma Messages envoyés. Na farkon tasha ce, an yi lodi amma mota ba ta tashi ba. Na biyun kuwa yana nufin wasiƙa ta bar hannunka, babban gidan waya ya karɓa. Saboda haka Hajiya, idan yaro ya ce miki ya aika, kada ki tsaya ga maganar baki, ki ce ya nuna miki a wane ɗaki take. Idan tana na farko, matsalar a gida take. Idan tana na biyu amma mai karɓa ya ce bai gani ba, sai a koma akwatin shigowa a nemi wata ƴar takarda da aka maido.

Wannan takarda tana zuwa ne da sunan MAILER-DAEMON ko Mail Delivery Subsystem, kuma mutane da yawa suna goge ta ba su buɗe ba, don da Ingilishi takan zo, ko don ta yi musu kama da ta ƴan damfara. Alhali ita ce rasit ɗin shinge. Ko mutum ba ya jin Ingilishi, akwai lamba mai alƙaluma uku a cikinta da kowa zai iya karantawa. Idan lambar ta fara da 4, kamar 421 ko 451, ma'anarta a dakata, gidan wayar mai karɓa ya cika da aiki ko bai amsa ba, kuma za a ci gaba da gwadawa. Idan ta fara da 5, an ƙi wasiƙar ƙi na har abada, ko an jira shekara ba za ta tafi ba sai an gyara abin da ya hana.

Mu a ganinmu mai farawa da 4 ta fi haɗari ga ɗan kasuwa, domin tana sa mutum ya saki jiki. A bisa ƙa'ida, injin da ke riƙe da wasiƙa yakan yi ta gwadawa har kwana huɗu ko biyar kafin ya haƙura ya sanar da kai ya kasa. Ke nan wadda ta aika dosiye ranar Litinin, za a rufe ranar Laraba, tana iya samun labarin kasawa ranar Asabar. Don haka duk wanda ya ga takardar jinkiri alhali lokaci na ƙure masa, kada ya jira, ya sake aikawa ta wata hanya a ranar.

A cikin masu farawa da 5, wadda aka fi gani ita ce 550, sau da yawa tare da 5.1.1, inda Gmail kan rubuta Adresse introuvable a sama. Wato babu mai wannan adireshi. Kusan kullum kuskuren rubutu ne, domin yawancinmu a tarho ake karanta mana adireshi, ko a rubuta shi da biro a bayan kwalin shayi. Ɗigo ɗaya ya ɓace, ko a sa sifili a wurin harafin o, shi ke nan. A lura cewa adireshin Gmail da .com yake ƙarewa, kuma yahoo.fr daban yake da yahoo.com ko da sunan farko ɗaya ne. Adireshin da aka yi wa rajista a Nijar da .ne yake ƙarewa, na ma'aikatun gwamnati da yawa da gouv.ne, amma hannu ya saba da .net, wani lokaci ma wayar ce da kanta ke ƙara harafin t don tana ganin ta taimaka. Kada wani ya ji kunya a kan wannan, domin a watan Yuli 2023 jaridar Financial Times ta Ingila ta ba da labarin cewa shekara da shekaru miliyoyin wasiƙun da ake nufin sojojin Amurka da su, masu ƙarewa da .mil, suna karkata zuwa .ml na maƙwabciyarmu Mali, saboda harafi ɗaya da aka manta. Maganin abin mai sauƙi ne: a ce wa mai karɓa ya fara aiko da wasiƙa, ko ta gaisuwa ce, sai a amsa a kanta, ba sai an rubuta adireshi da hannu ba.

Sai 552, wadda ke nufin kaya sun yi nauyi ko akwatin mai karɓa ya cika. Gmail da Yahoo ba sa ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a wasiƙa guda, wasu ma'aikatu nasu ma bai kai haka ba, bugu da ƙari kayan da aka liƙa kan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya saboda yadda ake ƙunshe su. Wayoyin yanzu kuwa hoto ɗaya na iya kai mega 3 ko 4, ke nan dosiye mai shafi goma da aka ɗauka shafi-shafi ya riga ya wuce iyaka. A haɗa su wuri ɗaya a takardar PDF, baƙi da fari, a rage nauyi, ko a raba gida biyu a rubuta kashi na ɗaya da kashi na biyu.

Akwai kuma wata sabuwar cuta da ta kama masu wayar Android da yawa ba su sani ba. Google na ba kowa wurin ajiya na giga 15 kyauta, kuma wasiƙu, hotuna da takardu duk a nan suke zama. Tun daga 2024, ajiyar da WhatsApp ke yi ta hirarraki da bidiyo ita ma a cikin wannan giga 15 ake lissafa ta. Mai sayar da atamfa ko turare da ke karɓar hotunan kaya ɗari a wuni, ga bidiyon biki, ga wa'azi, ba ta daɗewa sai rumbu ya cika. Idan kuwa ya cika, Gmail ba ya aikawa, ba ya karɓa, har sai an share ko an sayi ƙarin wuri. Wannan ba laifin rezo ba ne, ba kuma na akwatin gida ba, a buɗe Gmail a duba ma'aunin ajiya, a cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp. Ƙungiyoyin da ba sa buɗe akwatinsu sai shekarar da poroje ya zo su ma su sani, tun Disamba 2023 Google ya ba kansa damar goge akwatin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Idan laifin na akwatin gida ne

Yanzu bari mu koma ga waɗanda ke da uwar garke, ko injin hoton takardu mai aikawa da kansa, ko tsarin faktir da ke tura wa abokan ciniki wasiƙa. A nan ne abin ya fi rikitarwa, domin babu mutum a zaune yana kallo, injin ne ke kasawa a ɓoye.

Idan aka ga lamba 535, an ƙi kalmar sirri. Mai gida zai rantse kalmar daidai take, tunda da ita yake shiga a waya, kuma gaskiyarsa. Abin da ya faru shi ne tun ƙarshen watan Mayu 2022 Google ya daina yarda tsofaffin injuna su shiga da kalmar sirri ta yau da kullum, Yahoo ma ya bi irin wannan hanya. Sai an shiga cikin akwatin an kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ke turo lamba a waya, sa'annan a nemi wata kalma ta musamman mai haruffa 16, a sa wa injin ita. A nan muna so mu ja hankalin shugabannin ƙungiyoyin mata da na ƴan kasuwa a kan wani abu da muke yawan ji. Akwatin ƙungiya yaron da ya iya boko ne ya buɗe shi, da lambar wayarsa, kalmar sirri a kansa take. Bayan girbi ya tafi ci-rani, ya jefar da pis ɗin, ranar da Google ya ce sai an tabbatar, lambar tana can Libiya ko ma an ba wani. A sa lambar shugaba ko ta ma'aji, a rubuta kalmar a littafin ƙungiya a ajiye inda ake ajiye kuɗin adashi.

Abu na biyu agogo ne, kuma mutane kan yi dariya idan aka faɗa. Kafin gidan wayar Google ya karɓi wasiƙa, shi da injinka sukan gaisa, ya nuna takardar shaidarsa mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogon injinka ya koma baya, sai ya ga kamar takardar ba ta fara aiki ba, ya ƙi gaisawa. Ƙananan akwatuna da yawa ba su da batirin agogo, da kuran ya ɗauke sai su farka a wata tsohuwar shekara, wasu har 1970, sai sun sami intanet sun tambayi lokaci. Tsofaffin kwamfutoci kuma suna da ɗan batiri mai kama da kwabo a ciki, idan ya mutu haka suke yi. Mu da muka ga yadda wuta ta yi wuya daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wadda take ba Nijar, har zuwa Maris 2024, ga zafin watannin Afrilu da Mayu da ke sa injuna kashe kansu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kafin a kira kowa, a dubi kwanan wata a kusurwar allo. Wanda ke da panno da batiri ya ɗora akwatin intanet da uwar garken a kansu, ba su da cin wuta sosai.

Abu na uku shi ne ƙofa. Duk saƙon da ke fita ta intanet yana da lambar ƙofar da yake bi, kamar yadda kasuwa ke da ƙofar dabbobi da ƙofar hatsi. Tsohuwar ƙofar wasiƙu ita ce mai lamba 25, ta nan gidajen waya ke miƙa wa juna. Saboda ta nan ne kwamfutocin da cuta ta kama ke kwarara wasiƙun banza, kamfanonin intanet da yawa a duniya sun toshe ta ga masu layin gida da na salula, Starlink ma ya bayyana cewa yana toshe ta. Alamar wannan ita ce wasiƙu su taru a layi, injin yana ta ƙwanƙwasawa ba amsa, babu lambar ƙi, babu komai, sai bayan kwanaki takardar kasawa ta fito. Ƙofofin da aka buɗe wa talaka su ne 587 da 465, waɗanda ake shiga da suna da kalmar sirri. Ga mai Gmail, sunan gidan da ake rubutawa shi ne smtp.gmail.com, ga mai Yahoo kuma smtp.mail.yahoo.com.

Ko da an sami ƙofa 25 a buɗe, da sauran rina a kaba. Kowane layi na intanet yana fita da wata lamba da ake kira IP, kamar lambar mota. Lambobin tsohon tsari ba su wuce biliyan 4 da miliyan 300 ba, mutanen duniya kuma sun haura biliyan 8, don haka kamfanonin salula kan haɗa masu saye da yawa a kan lamba ɗaya, kuma lambar tana sauyawa. Akwai ƙungiyoyi masu riƙe da baƙin littafi na lambobin da aka kama suna aika wasiƙun banza, mafi shahara ita ce Spamhaus, wadda wani Bature ɗan Ingila, Steve Linford, ya kafa a 1998, kuma gidajen waya masu yawa na duba littafinta kafin su karɓi wasiƙa. Idan kwamfutar wani da ba ka taɓa gani ba, a Ƙonni ko a Damagaram, ta ɓata lambar da kuke tarayya, laifinsa zai shafe ka, kamar fasinjojin da aka tsayar a shinge saboda takardun direba. Ban da wannan ma, Spamhaus na da wani littafi na daban inda ake jera lambobin layukan gida da na salula, ba don sun yi laifi ba, sai don an ce bai kamata irinsu su riƙa miƙa wasiƙa kai tsaye ba.

A watan Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka ƙara ɗaure igiya. Duk mai aika musu wasiƙa da sunan kansa, misali mai kamfanin da ya sayi adireshi mai ɗauke da sunan shagonsa, sai ya kasance yana da aƙalla ɗaya daga shaidu biyu. Ta farko, SPF, sanarwa ce da mai sunan ke kafawa yana cewa ga injunan da na yarda su aika da sunana. Ta biyu, DKIM, hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa. Haka kuma lambar IP ɗin da wasiƙa ta fito sai ta kasance tana da suna a rajista wanda ya dace da ita, abin da mai layin gida ba shi da ikon yi da kansa. Masu aika wasiƙa 5,000 a wuni an ƙara musu wasu sharuɗɗa, amma wannan ba ta shafe mu ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ra'ayinmu a fili yake. Ba mu ga amfanin ɗan kasuwar Tawa ya mai da kwamfutar lungun shagonsa gidan waya mai zaman kansa ba, ko da yaron da ya haɗa ta ya ce zai iya. Iyawa yana iyawa, amma duniya ce ta daina karɓar wasiƙa daga hannun wanda ba ta sani ba. A bar uwar garke ta yi lissafinta, ta fitar da faktir ɗinta, idan ta tashi aikawa ta miƙa wa babban gidan waya ta ƙofa 587 da kalmar sirri, shi ya kai da sunansa da hatiminsa. Gmail na kyauta yana barin mutum ya aika har 500 a wuni, wane shago ne a kasuwar Lahadi yake kai haka?

Ga wanda yake son ya gano inda cutar take kafin ya biya mai gyara, dabarar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. A aika ƴar gajeruwar wasiƙa marar hoto daga injin da ke ba da wahala zuwa adireshin kai. Idan ta iso, injin lafiya yake, nauyin kaya ne ko adireshin mai karɓa. Idan ba ta iso ba, a ɗauki waya a kan wifi ɗin nan dai a aika ta Gmail. Ta tafi? To intanet na nan, saitin injin ne. Sa'annan a cire injin daga akwatin gida a jona shi da intanet na waya mai pis ɗin wani kamfani dabam, idan a nan ya aika, to ƙofa ce aka toshe a layin farko, ko lambarsa ce ta shiga baƙin littafi. Wannan gwaji ba ya cin minti goma sha biyar.

In ta kama sai an kira mai gyara, Alhaji, ka ce ya buɗe maka littafin aikin injin, domin kowace uwar garke tana rubuta abin da ya faru da kowace wasiƙa, da awa da minti da amsar da aka ba ta. Ya nuna maka layin da ya ce an ƙi, ya fassara maka. Mai gyaran da ya zo bai duba wannan ba ya ce sai an yi formataj an goge komai, lissafin shekara uku zai tafi, matsalar kuma tana nan, tunda ba a taɓa ƙofa ko kalmar sirri ba. Ka kuma tambaye shi ko ya rufe injin ga baƙi. Uwar garken da aka bari tana karɓar wasiƙar kowa tana turawa, masu wasiƙun banza suna da injunan da ke yawo suna neman irinta dare da rana, kuma da sun same ta za su cinye forfe, su ɓata suna.

Saura wasiƙar da ta fita lafiya, ba a maido komai ba, amma mai karɓa ya ce bai gani ba. Mafi yawa tana ɗakin da ake kira Spam a wajensa, inda ake zuba abin da injin ya yi wa zato. Wasiƙar da ba ta da take, ba ta da gaisuwa ko layi ɗaya, sai hoto kawai, ko wadda aka jera wa mutum arba'in a lokaci guda, ita ce ta fi faɗawa can, kuma Gmail na share abin da ya kwana 30 a ɗakin. A rubuta take mai ma'ana, da sunan ƙungiya ko na shago da abin da ake nema, a sa layi biyu na bayani da lambar tarho. Bayan an aika a kira, a ce ya duba yanzu, ya amsa da kalma ɗaya cewa ya samu, a ɗauki hoton amsar a ajiye. Wannan kiran yana da wani amfani kuma. Ƴan damfara kan shiga akwatin mai sayar da kaya, su jira lokacin biya, su aiko da wasiƙa da sunansa cewa an sauya lambar asusun banki. Duk wasiƙar da ta zo da sabuwar lambar asusu, kada a tura ko dala sai an ji muryar mutumin a lambar da aka saba kiransa da ita, ba wadda aka rubuta a cikin wasiƙar ba.

Dosiye mai ranar rufewa kuwa a aika shi saura kwana biyu ko uku, da sassafe kafin rezo ya cika. Idan sanarwar ta ce ana karɓar takarda ta hannu, a buga kwafi a sa a ambulan a kai wa motocin safa, tsakanin Tawa da Yamai kimanin kilomita 550 ne, wadda ta tashi da asuba tana shiga a ranar, kuma suna ba da rasit mai lamba da za a karanta wa wanda zai je ɗauka.